Maki ko tsabar kuɗi? Na daina jiran gawon shanu

Shekara huɗu na yi ina tara makin jirgin sama, wato ladan da kamfanin jirgi ke rubuta wa abokin ciniki don ya musanya shi da tikiti, kamar mai tara kuɗin gina gida. Duk tafiyar aiki sai na tabbatar an saka lambata a tikiti, duk sayayya sai da katin bankin da ke haɗe da kamfanin jirgin. Wani lokaci in buɗe manhajar a waya alhali ba inda za ni, in ga adadin ya ƙaru, in ji sanyi a raina, in rufe. Da ya kai 62,000 sai na fara hango kaina miƙe a kujerar nan ta gaban jirgi wadda ake kwantarwa ta zama gado, ana tsallaka teku da ni ina sharar barci.

Ana haka hutun ƙarshen shekara ya zo, yara suka matsa sai an kai su wurin kakarsu, tafiyar da a sama ba ta wuce minti 55 ba. Da dare na zauna duba farashi, na tarar tikitin da ake sayarwa da araha wata ɗaya baya ya ninka kusan sau uku. Ga shi mu huɗu ne. Ina ta danna waya ina tsaki, uwargida ta leƙo ta kafaɗata, idonta ya faɗa kan adadin makin da ke saman allo. Ta ce, "Maigida, wai makin nan gado za ka bar mana?"

Na yi dariya, amma maganar ta kwana da ni. Washegari na kira ƙanena, wanda ya mai da harkar maki sana'a marar albashi, ya san dokar kowane kamfani kamar shi ya rubuta ta. Ina gama faɗa masa abin da nake shirin yi ya ce, "Haba Yaya! Tafiyar minti 55? Ai ka sayar da doki a kuɗin jaki. Ka biya kuɗi kawai, ka bar makin sai babbar tafiya."

Wannan ita ce fatawar da masu ji da kansu a harkar ke bayarwa a ko'ina, kuma ba daga sama suka tsinto ta ba, akwai lissafi a bayanta. Mu ƙaddara kujerar alfarma a doguwar tafiya tana dala 4,000, da maki kuma 80,000. In ka raba, kowane maki ya saya maka abin senti biyar (senti ɗari ne dala ɗaya). Mu ƙaddara kuma gajeren tikitin cikin gida yana dala 100, da maki kuma 9,500, ga ɗan harajin da za a ɗora maka. Nan kowane maki da ƙyar ya kai senti ɗaya. Biyar ta fi ɗaya, ko ɗan firamare ya san haka. To me ya sa na ƙi bin shawarar ƙanena?

Dalili na farko shi ne dala 4,000 ɗin nan kuɗi ne da ni ba zan taɓa cirewa daga aljihuna ba. Ko yau aka ba ni su a hannu aka ce in yi yadda na ga dama, kujerar barcin sa'a takwas ba za ta shiga cikin abubuwa goma na farko da zan saya ba. Wanda ya ce ya tsira da dala 4,000 don ya hau kujerar da dama ba zai saya ba, kansa yake yi wa daɗin baki. Ya dai ji daɗi, ya ɗauki hoto, kuma ban raina jin daɗi ba. Amma kuɗin tikitin hutun nan mai tsada, kuɗi ne da ko ina so ko ba na so sai sun fita daga asusuna a daren nan, tunda an riga an yi wa yara alkawari. Darajar maki a wurina ita ce kuɗin da ya hana fita, waɗanda da babu shi da sun fita.

Sannan masu wannan fatawa kusan kullum mutum ɗaya suke lissafawa. Ni ina da iyali. Kujera huɗu a maki 80,000 kowace ya kama 320,000, zuwa kaɗai ban da dawowa. Ni kuwa abin da nake tarawa a shekara bai wuce 15,000 da 'yan kai ba. Shekara 21 ke nan. Kafin lokacin, ƙaramar 'yata da yanzu take neman a ɗaga ta ta leƙa tagar jirgi ta yi nata iyalin. Wannan ma in har kamfanin ya bar farashin yadda yake na shekara 21, abin da ba kamfanin da ya taɓa yi wa kowa alkawarinsa.

Anan ne gizo ke saƙar. Mutane na kallon maki kamar ajiya a banki, alhali wanda ke riƙe da ajiyar shi ke buga makin, shi ke yanka masa farashi, shi ke da ikon sauya farashin da tsakar dare. Wuƙa da nama duk suna hannunsa.

Tarihin abin ma ya nuna don wa aka yi shi. A 1978 gwamnatin Amurka ta janye hannunta daga ƙayyade farashi da hanyoyin jiragen sama, gasa ta yi zafi. A watan Mayun 1981 kamfanin American Airlines ya fito da shirin maki mai suna AAdvantage, cikin 'yan kwanaki United ya bi sahu, Delta ma ya shigo a shekarar. Dabarar ba ta da wuya. Jirgi zai tashi ko da rabin kujerunsa babu kowa, kujerar da ta tashi wayam kuwa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta sai gobe. To me zai hana a kyautar da ita ga ɗan kasuwan da ke yawan tafiya, don kada ya koma wa abokin hamayya? Kamfani bai rasa komai ba, ya kuma ɗaure mutum.

Yau ɗan ya fi uban girma. Kamfanonin na sayar wa bankuna maki a sari, bankuna su raba wa masu katinsu. A 2023 kaɗai, abin da Delta ya samu daga kamfanin katin kuɗi na American Express ya kusa dala biliyan 7. Da annobar korona ta tsayar da jirage a ƙasa, United ya ciyo bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ya ciyo biliyan 9 a shekarar, American ya ciyo biliyan 10 a 2021, kuma abin da suka jingina a waɗannan basussuka shi ne shirin makin. Masu ba da bashi sun ga kuɗin da ke shigowa ta wannan ƙofa, suka yarda. Ka tsaya ka yi tunani: kamfani ya riga ya karɓi kuɗin makin da ke wayarka daga banki, ya kashe. Abin da ya rage a kansa shi ne ya ba ka kujera wata rana. Duk shekarar da ka ƙara kana jira, lamuni ne ka ba shi ba tare da ya biya ka ko sisi ba. In kuma ka manta da makin, ko wa'adinsa ya cika, ko ka bar duniya bai amfane ka ba, masu lissafin kuɗin kamfani dama sun ware wani kaso da suka san ba za a taɓa zuwa karɓa ba, suna shigar da shi cikin riba. Mai tara maki ba ya taɓawa shi ne abokin cinikin da suka fi so.

A da akwai jadawali, a rubuce, wanda ke cewa tafiya kaza maki kaza. Mutum na iya dubawa ya san ranar da zai kai. A 2015 Delta ya sauke nasa daga shafinsa na intanet, a 2019 United ma ya daina bin jadawali a jiragensa. Yanzu farashin maki na hawa da sauka kamar farashin kuɗi, kuma tunda ba abin da aka rubuta, ba abin da za ka nuna ka ce an saɓa. In ka karanta ƙananan rubutun da muke danna "na yarda" a kansu ba mu duba ba, za ka ga yawancin kamfanoni sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa makin ba mallakinka ba ne, kuma suna iya sauya dokoki duk sanda suka so. Wani malamin Yahudawa a jihar Minnesota, Binyomin Ginsberg, ya gwada kai ƙara bayan kamfanin jirgin sama na Northwest ya kore shi daga shirin makinsa bisa zargin ya cika ƙorafi. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 2014 alƙalan baki ɗaya suka ba kamfanin gaskiya. A 2017 Air Berlin na Jamus ya durƙushe, kamfanin da ke riƙe da shirin makinsa, topbonus, ya bi shi cikin watan, masu ajiya suka wayi gari da lambobi a waya ba jirgin hawa. Ƙorafi ya yi yawan da a watan Satumbar 2024 ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike kan shirye-shiryen American da Delta da Southwest da United, tana tambayar yadda suke rage darajar makin da mutane suka riga suka tara.

Kuɗi ma darajarsu na zaizayewa, na sani. Amma kuɗi ko'ina ka kai su za a karɓa, ka biya makaranta, ka sayi magani, ka juya su su haifi wasu. Maki kanti ɗaya ne ke karɓarsa, kuma mai kantin ne ke rubuta farashi bayan ka shigo. Da za a tambaye ni wanne zan fara kashewa tsakanin biyun, ba sai na yi dogon tunani ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle akurkin ma na wani ne.

Kada dai a ɗauka ina cewa duk gajerar tafiya a zuba mata maki ido rufe. Ƙanena na da gaskiya a wurare da dama, kuma ni kaina na taɓa yin wautar da har yau nake jin haushinta. Shekarun baya na ba da maki mai yawa don tikitin da daga baya na gano harajin da aka karɓa a hannuna ya kusa rabin farashinsa na kuɗi. Murnar kalmar "kyauta" ce ta rufe min ido, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Tikitin maki ba ya ɗauke maka harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi, kuma a gajerar tafiya waɗannan kan zama babban kaso na farashin. Ƙasa da ƙasa sun bambanta ƙwarai a nan. A Amurka abin da ake ɗora wa tikitin maki na cikin gida dala 5.60 ne a kowace tafiya ɗaya, kuɗin tsaro da aka ƙirƙiro bayan harin 11 ga Satumbar 2001. A wasu ƙasashen kuwa haraji da kuɗaɗen fili da ƙarin da kamfani ke liƙawa da sunan kuɗin man jirgi sukan cinye ribar gaba ɗaya.

Lissafin da nake yi yanzu ba ya cin minti biyu. In nemo tikitin kuɗi mafi araha wanda da gaske zan iya hawa, ko na wane kamfani ne, in haɗa da kuɗin jaka in zan saka kaya. In cire abin da za a karɓa a hannuna in na biya da maki. Abin da ya rage in raba shi da adadin makin. Masu bin diddigin harkar kan ƙiyasta makin manyan kamfanonin Amurka tsakanin senti ɗaya da ɗaya da rabi, to in abin da na samu ya kai nan ko ya wuce, maki zan bayar ba waiwaye. In ya faɗo can ƙasa, in zaro kati. Dubi yadda abin ke juyawa: tikitin dala 60 a ranar Talatar da ba kowa a hanya, da maki 9,500 da harajin dala 20, ribarka dala 40 ce, kowane maki bai kai rabin senti ba. Kujerar nan dai ana gobe hutu tana dala 240, in makin bai motsa ba, ribarka dala 220, sama da senti biyu kowane maki. Jirgi ɗaya, minti 55 ɗaya, amma ciniki biyu da ba su yi kama ba.

Wannan "in makin bai motsa ba" shi ne ƙashin bayan maganar, kuma ya dogara da irin shirin da kake ciki. Kamfanoni irin su JetBlue da Southwest sun ɗaure maki da farashin tikiti, kuɗi ya hau maki ya hau, don haka ba wata garaɓasa da za ka tsinta, ba kuma wata asara babba, ka kashe duk sanda ka tashi. Wasu kuwa har yanzu da nisan tafiya suke aunawa. Makin Avios na British Airways, wanda aka fito da shi a 2011, ya yi suna ne daidai a gajerun tafiye-tafiye, domin nisa kaɗan maki kaɗan, an kuma ƙayyade ɗan kuɗin da za ka ƙara a kai. Sai dai kujerun da ake warewa ba su da yawa, kuma kamfanin kan buɗe su tun saura kwana 355 jirgi ya tashi. Masu shiri da wuri su kwashe na ranakun hutu tun kai ba ka san inda za ka ba. Mai iyali ya fi kowa shan wannan wahala: ka nemi kujera huɗu a ce babu, ka nemi biyu su fito. In haka ta faru ba laifi ba ne mutum biyu su tafi da maki, biyu da kuɗi, a jirgi ɗaya.

Akwai wata fa'ida da ba ta fitowa a lissafin senti, wadda mai yara ya fi kowa sanin darajarta. Tikitin kuɗi mafi araha yawanci shi ne wanda in ka fasa, kuɗinka sun tafi. Tikitin maki a kamfanoni da yawa kana iya soke shi kafin jirgi ya tashi, a mayar maka da makinka, ko kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Yaro ya kwana da zazzaɓi ana gobe tafiya, ko wurin aiki su tsiro da wata magana, ka danna sau biyu ka fita ba ka yi asarar tikiti huɗu ba. Haƙƙinka na fasinja ma bai ragu ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ta tanadi diyyar yuro 250 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba in kamfani ya soke jirgi da laifinsa ba tare da isasshiyar sanarwa ba, ta ambaci masu tikitin maki a fili cewa suna ciki.

Ƙanena ya kawo wata hujjar, wai in na biya kuɗi ai zan samu sabon maki, in na biya da maki kuwa ba na samun komai. Gaskiya ne, amma nawa? Tun 2015 Delta da United suka koma ba da maki gwargwadon kuɗin da ka biya, American ya bi su a 2016, kuma a lokacin talakan memba maki biyar aka yanka masa a kowace dala, ban da haraji. Tikitin dala 100 bai kawo maka 500 cikakku ba, abin dala biyar ko shida. Wanda ke neman matsayin babban memba a shirin makin, mai yawo kowane mako da ke son ɗakin hutawa da layin gaba, shi yana da dalilin biyan kuɗi don a lissafa masa tafiyar. Mai tafiya sau biyu ko uku a shekara ba shi da abin karewa a nan.

Tarkon da na fi jan kunnen mutane a kai shi ne sayen maki don cike giɓi. Saura 3,000 ka kai, sai manhaja ta yi maka murmushi ta ce ga shi ka saya. Farashin da suke sayarwa kusan kullum ya fi darajar da za su karɓa a hannunka in ka zo kashewa. Haka zaɓin nan na "rabi maki rabi kuɗi", wani lokaci yana da kyau, sau da yawa kuma hanya ce ta karɓe makinka a wulaƙance. Lissafin minti biyun nan shi ma yana tona asirinsa.

Wani abin kuma, kafin ma a kai ga maki ko kuɗi, akwai tafiyar da ba ta cancanci jirgin sama ba. Minti 55 a sama, amma ka haɗa da zuwa fili, da layin bincike, da jiran kaya, da fita daga wancan filin zuwa cikin gari, sa'a huɗu ta tafi. Faransa a watan Mayun 2023 ta hana jiragen cikin gida a wasu hanyoyin da jirgin ƙasa ke yi cikin ƙasa da sa'a biyu da rabi, abin ya shafi tashi daga filin Orly na Paris zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon. Inda akwai jirgin ƙasa mai kyau, ni shi zan hau in bar maki da kuɗin duka su huta. Hanyar gidan kakar yarana dai babu shi.

Ba na musun cewa akwai mutanen da shawarar ƙanena ta dace da su. Wanda aikinsa ke zuba masa maki 200,000 a shekara, shi kaɗai yake tafiya ko shi da matarsa, yana iya zaɓar ranar da ya ga dama, to ya tara wata shida ya hau gadonsa na sama, Allah ya kai shi lafiya. Matsalar ita ce irin waɗannan mutane su suka fi yawan magana a kan maki, sai mu da muke tsintar dubu ɗaya a wata mu ɗauki dokarsu mu ɗora wa kanmu. Mu riƙa biyan kuɗi mai zafi a lokacin hutu, muna gadin lambobin da ke narkewa, muna jiran ranar da kujera huɗu za su buɗu a jirgi ɗaya.

A daren na biyu na koma kan wayar. Jirgin rana babu kujerar maki ko ɗaya, na yamma akwai biyu. Na ƙarfe shida na safe ne ya nuna huɗu, maki 9,500 kowace. Na kwashe su, 38,000 ke nan, na biya ɗan harajin da kati. Dawowa kuwa na zaɓi ranar Laraba bayan cunkoso ya lafa, farashi ya sauko ƙasa, na biya kuɗi ban taɓa maki ba. Ranar tafiya ƙarfe uku da rabi na dare muka tayar da yara, ƙaramar ta yi barci a kafaɗata tun daga layin bincike, ba ta ga tagar da ta yi wata guda tana maganarta ba sai da tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa.

Bayan wata biyar kamfanin ya aiko da saƙo mai taken an inganta shiri don jin daɗinmu. Na buɗe na duba hanyar nan tamu, kujerar ta koma 12,000. Ragowar 24,000 ɗina, da a da za su kai mutum biyu har da canji, yanzu biyu ne cif. Na tura wa ƙanena hoton saƙon. Ya amsa da cewa ya gani, su ma na doguwar tafiya an ƙara musu, amma ba komai, saura masa 40,000 ya kai.